Babu Gyaɗa a Ciki

Yayata ce ta raine ni. Ina 'yar firamare mahaifiyarmu ta rasu, lokacin ita ba ta daɗe da aure ba, sai ta ɗauke ni zuwa gidanta a Ƙofar Dundaye. A can na girma, a can na yi karatu har na zama malamar makaranta, daga ɗakinta kuma aka kai ni gidan mijina a Tudun Wada. Ban taɓa kama sunanta ba. Yaya nake ce mata, har 'ya'yanta suka tashi suna kiranta Yaya don sun ji a bakina.

Sana'arta suya ce: cincin, dublan, alkaki. Da farko sai biki ya taso ake kawo mata aikin gara. Daga baya, da shaguna suka yawaita a Gidan Igwai, masu su suka ce mata in za ta ƙulla cincin a leda mai kyau ta manna takarda, za su riƙa karɓa. Ita ba ta yi boko ba, don haka aikin takardar ya faɗo kaina. Na rubuta abin da ake haɗa shi da shi, fulawa da sukari da madara da ƙwai da mai, na kai wa wani mai buga takardu a bayan layinmu.

Ran da na karɓo na kai mata, muna zaune a tsakar gida ina karanta mata, sai na hango wani layi can ƙasa da ƙananan haruffa, wanda ba ni na rubuta ba. Da Turanci ne. Wai mai ci ya yi hattara, mai yiwuwa a cikin wannan abinci akwai ɓurɓushin gyaɗa da kifi da jatan lande.

Yaya ta ce, "Jatan mi?"

Na ce, "Jatan lande. Wanga ƙwaron ruwa da 'yan kudu ka sawa miya."

"A cikin cincin ɗina?"

Ta yi dariya har sai da ta share hawaye da gefen zane. Da na koma wa mai bugun, ko a jikinsa. Ya ce daga kwalin wani biskit na ƙasar waje ya kwafo, kuma duk masu kawo masa aiki suna so, domin yana sa kaya su yi kama da na kamfani. Ya jawo mini wasu takardun in gani. Layin nan yana kan ta zuma, yana kan ta garin kunu, yana kan ta yaji. Har a kan ta ƙuli-ƙuli an rubuta wai mai yiwuwa akwai gyaɗa a ciki. Da na ba Yaya wannan labari ta ce, "Mai yiwuwa? To in ba gujiya ba mi za a samu ciki, tsakuwa?" Mu a nan Sakkwato gujiya muke ce wa gyaɗa. Muka bar takardun yadda suke, abin ya zama na wasa tsakaninmu. In ta miƙo mini cincin sai ta ce in ci a hankali kada ƙayar kifi ta maƙale mini.

Da na haifi ɗiyata ta fari, lokacin yaye ya zo, ba wata tambaya a kan inda za a kai ta. Yaya ce uwata, wurinta na kai ta. Washegari da hantsi ina cikin aji aka kira ni a waya, wai in zo asibiti maza. Abin da ya faru, Yaya ta dama mata kunun gyaɗa mai kyau ta ba ta. Yarinya ba ta sha da yawa ba leɓɓanta suka kumbura, idanunta suka rufe, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu. Maƙwabta sun ba ni labarin yadda Yaya ta saɓa ta a kafaɗa ta fito titi a guje, ba takalmi, ba mayafi, tana salati. Da na isa na tarar da ita zaune a ƙasa a bakin ɗakin, ƙafafunta duk ƙura. Ni na riƙa ba ta haƙuri.

Likita ya zaunar da mu, ni da ita da maigidana. Ya ce wannan ba borin jinin nan ba ne da ake shafa wa manja ya lafa. Jikin yarinyar ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, kuma na gaba yana iya fin wannan tsanani, har ya toshe mata numfashi. Ya ce kada ta ci gyaɗa, kada ta ci abin da aka yi da ita, musamman man ƙuli, wanda mata ke matsewa a gida. Ya ce duk abin da za mu saya na leda ko na kwali, mu juya bayansa mu karanta. Yaya ta riƙa gyaɗa kai. Ba wanda ya ba ta labari, a kunnenta aka yi.

Daga ranar na zama mai karanta bayan leda. Layin nan da na yi wa dariya shi ne na fara nema, ina tsaye a shago ina matse ido, mai shago yana kallona kamar na zo bincike. Abin takaicin, kusan komai yana ɗauke da shi. Biskit mai yiwuwa, alewa mai yiwuwa, garin koko mai yiwuwa. Na san wasu gaskiya suke faɗa, wasu kuma kwafowa suka yi kamar mai bugun layinmu, amma ba ni da hanyar rarrabewa, sai in mayar da duka. Abubuwan kuma da suka fi hatsari ba mai manna musu takarda. Tsire da kilishi da yajinsu, kwaɗon zogale, miyar taushe, ƙosan bakin titi da ba ka san da wane mai aka soya ba. Rainon yarinyar da ba ta cin gyaɗa a garin nan aiki ne. In mun je suna ko biki da ƙunshinta nake tafiya. Mata suna zunɗe na, wasu a gabana suke faɗa. Wai iyayi ne na 'yan boko. Wai cutar Turawa na kwaso wa 'yata a littafi. Wata dattijuwa ta taɓa ce mini su da gujiya aka yaye su, ga su nan har da jikoki.

Yaya ce ke tare mini faɗan nan. Ta ce wa dattijuwar, "Ni na ɗauke ta da hannuna ran da abin ya hwaru. Wanda bai gani ba shi yi shiru." Ita da kanta kuma ta ce ta daina suyar cincin da man ƙuli, ta koma man waken suya na kanti, don ɗiyarta ta sami abin da za ta riƙa ci kamar sauran yara. Haka take kiranta, ɗiyata, yarinyar kuma tana ce mata Inna. Ta ware tukunya da matsami na cincin kawai. Ranar na yi kuka don daɗi. Na koma wurin mai bugu na sa ya cire layinsa na kifi da jatan lande, na rubuta nawa da Hausa da Turanci, da manyan haruffa: babu gyaɗa ko man gyaɗa a ciki.

Shekaru muka yi a haka. Cincin ɗin Yaya shi ne abin tafiya makaranta, shi ne na Islamiyya, shi ne na Sallah. Shi kaɗai ne abin leda da nake miƙa wa yarinyar ba tare da na juya bayansa ba. Akwai wata abokiyar aikina da ɗanta yake da irin wannan lalura, ita ma na haɗa ta da shi. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, daga gidanmu yake fitowa.

Wata bazara, yarinyar tana wajen shekara bakwai, ta fara yawan susa. Wani lokaci ƙuraje su feso mata a wuya da gefen baki, su kwana biyu su baje. Wani lokaci ta ce bakinta yana mata ƙaiƙayi. Na canja sabulu, na canja man shafawa, na je makarantarsu na roƙi malamarsu ta sa ido kada ta karɓi abin wasu yara. Na kai wa Yaya kukana. Ta ɗaga haɓar yarinyar ta duba, ta ce ƙurajen zafi ne, wane yaro ne ba ya yin su a Sakkwato da bazara. Ta ba ni hoda in riƙa barbaɗa mata.

Ranar da abin ya faru, mun dawo makaranta, babanta ya zo daga kasuwa ya ci abincin rana tare da mu ya koma shagonsa na yadi. Ina wanke-wanke, ita kuma tana shirin Islamiyya, ta fasa sabuwar ledar cincin da aka aiko mana da safe. Na ji tana tari. Na ce ta sha ruwa. Sai ta zo ta tsaya a bayana ta ce, "Mama, wuyana." Muryar ba tata ba ce, siririya ce kamar ana matse ta. Da na waiwaya na ga leɓɓanta, kwanon da ke hannuna ya suɓuce. Na ɗura mata maganin ruwan da likita ya ba mu mu ajiye, ta kasa haɗiyewa. Na sungume ta na fita. Allah ya taimake ni da wani mai agwagwa da buje, keken nan mai ƙafa uku, yana sauke wata mata a bakin layi. Ban san me na ce masa ba. Na dai tuna yana ta danna oda yana kutsawa tsakanin motoci, ni kuma ina jin numfashinta a ƙirjina yana fita da ƙyar, da ƙara kamar ana busa ƙaramin usur. Ina kiran sunanta ina cewa ta dube ni.

A asibiti suka karɓe ta daga hannuna, suka yi mata allura a cinya, suka sa mata abin shaƙar iska, suka ɗaura ruwa. Na tsaya a jingine da bango ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Kafin la'asar ta yi sanyi numfashin ya fara daidaita. Maigidana ya iso, Yaya ma ta iso da kuloli, ta zo ta rungume ni, ta zauna kusa da gadon tana shafa ƙafar yarinyar.

Likitar da ke aiki ranar mace ce, mai magana a hankali. Ta ce in lissafa mata duk abin da yarinyar ta sa a baki tun safe. Na lissafa. Koko da na dama, tuwon shinkafa da miyar kuka da na dafa da hannuna, sai cincin. Ledar tana cikin jakata, ban ma san lokacin da na jefa ta ba. Na fito da ita na ce, "Wannan kam ba shi ba ne. Yayata ke yin sa, ga ta nan zaune."

Likitar ta karɓa ta jujjuya, ta dubi Yaya ta ce, "Hajiya, da wane mai kike suya?"

Yaya ta nuna ledar da yatsa ta ce, "Ga shi nan rubuce."

Na yi caraf na ce ni na rubuta, kuma shekara da shekaru yarinyar tana ci. Likitar ta miƙo mini ledar, ta ce to mu ci gaba da tunani, domin ruwa ba ya tsami banza.

Da muka fito baranda, Yaya ta matso kusa da ni ta rage murya. Ta ce, "Babanta dai ba shi raina kilishi. Ko ya ci a kasuwa ya taho ya taɓa ta?"

Na juya na tambaye shi. Mutumin kirki ne, ba ya ƙarya. Ya ce e, wani abokinsa ya kawo kilishi shago da hantsi, ya ɗan taɓa, amma ya wanke hannu da sabulu kafin ya taho, kamar yadda ya saba. Ban bari ya ƙarasa ba. A barandar nan, gaban masu jinya da masu wucewa, na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa masa ba tun da aka ɗaura mana aure. Na ce kwaɗayinsa ya kusa kashe mini ɗiya. Ya sunkuyar da kai ya koma can ƙarshen baranda ya zauna a kan benci. Yaya tana riƙe da hannuna tana cewa in yi haƙuri, maza sai a hankali.

Bayan an sallame mu gidan ya yi tsit. Maigidana ya daina cin komai a waje. In ya dawo sai ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya yarda yarinyar ta matso kusa da shi. In ta ruga ta tarye shi yakan ɗaga hannuwansa sama ya ce ta dakata. Ina ganin yadda abin ke cin sa, amma zuciyata ba ta sauko ba. Cincin kuwa ban sake ba ta ba, ba don ina zarginsa ba, ita ce ta ce ba ta son ko ganinsa.

Wata Asabar da safe na ɗauki kulolin da Yaya ta kai mana asibiti, na ce bari in mayar mata in yi mata godiya. Ban gaya mata zan zo ba. Dama na daɗe ban je gidan da safe ba, domin takan ce in riƙa zuwa da yamma bayan an gama suya, hayaƙi ba shi da kyau ga yarinya. Tun daga zaure ƙamshin ya tare ni. Duk wanda ya tashi a gidan suya ya san ƙamshin man ƙuli a kan wuta, ba ya kama da na kowane mai. Na ce a raina dublan ake yi ko alkaki. Na yi sallama na shiga.

Cincin ne. Yana tafasa a cikin tukunyar nan da ta ware. A gefenta ga jarka da man ƙuli, ja-ja, mai kauri, bakinta a buɗe. A kan tabarma ga tulin leda, ga takardun da na rubuta a jere suna jiran a manna.

Yaya ta ɗago da matsami a hannu. Muka dubi juna. Ta ce, "Ke ta? Shigo ki zauna."

Na ce, "Ba ni zama. Yaya, wane mai ne wanga?"

Ta juya ta kwashe cincin ɗin da ke wuta, ta zuba a kwando, ta janye itace. Sai da ta gama duk wannan ta ce, "Kin gani da idonki."

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

Kulolin suna hannuna, na ajiye su a ƙasa. Ta ce masu shago ne suka dame ta, wai cincin ɗinta ya rage ƙamshi, na wasu ya fi shi tafiya. Man kanti ba shi da daɗin baki, kowa ya sani. Ta ce da ludayi guda ta fara, ta zuba cikin man kanti. Ran da muka zo da yamma ta ba yarinyar da hannunta, ta zauna tana kallonta har muka tafi, ba abin da ya same ta. Sai ta ƙara. Bayan wani lokaci ta sake ƙarawa.

Ta ce, "Na ce jikinta ya saba a hankali. Ba a raba ɗan Sakkwato da gujiya har abada. Nufina ran da ta warke sarai in kira ki in ce, to kin gani."

Na ce, "Ƙurajen da na kawo miki ita kinka duba fa? Kinka ba ni hoda?"

"Zahi ne. Har gobe ina cewa zahi ne."

"Na ran nan fa?"

Ta ce ranar man kanti ya ƙare, ga masu shago suna jira, sai ta soya da man ƙuli zalla. Ta so ta ware mana namu daga tsohuwar suya, hidima ta sha kanta, aka ɗauko mana daga sabuwar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi na tambaye ta. Na ce, "Likita ta dube ki ta tambaye ki. Ɗiyar tana kwance da abin iska a hanci. Kinka nuna mata takarda."

Can ta ce, "Tsoro na ji."

"Kinka bar ni na ci mutuncin mijina gaban jama'a. Ke kinka kawo zancen kilishi."

"Ai ya ci kilishin. Ban yi mai ƙarya ba. Kuma shi namiji ne, shina mantawa."

Na nuna takardun da ke kan tabarma. Na ce waɗannan fa, da ake mannawa ana kai wa mutane? Na ce akwai yaron abokiyar aikina da ke ci saboda maganata. A nan ne ta ɗan harzuƙa. Ta ce takarda ai ado ce, ni da bakina na gaya mata mai bugu ya ce ado ce. Da aka rubuta kifi a kan cincin ɗinta, na taɓa tsintar kifi a ciki? Wa ke karanta waɗannan abubuwa in ba ni ba? Na ce ta daina manna su daga yau. Ta ce kwali guda gare ta cike, sai sun ƙare.

Ban tuna yadda na fito daga gidan ba. Na tuna dai ban hau komai ba, da ƙafa na kama hanya cikin ranar nan, sai da na yi nisa na lura. A hanya ba man nake tunani ba. Hannunta nake tunawa a kan ƙafar yarinyar a gadon asibiti, tana shafawa, alhali ta san abin da ya kwantar da ita. Da yammacin nan da ta ba ta cincin ta zauna tana kallonta, ni kuma ina gefe ina zuba hira, ban san gwaji ake yi da ɗiyata ba.

Da maigidana ya dawo na tare shi tun kafin ya shiga wanka. Na durƙusa na gaya masa komai, na roƙe shi gafara. Sai ya ce, "Ashe ba ni ba ne." Ya zauna a bakin gado ya rufe fuska da hannuwa. Bai zagi Yaya ba, bai kuma ce mini komai a kan abin da na yi masa ba. Da ya tashi ya kira yarinyar ya ɗora ta a cinya da kayan kasuwarsa a jiki. Abokiyar aikina kuwa a waya na gaya mata. Ta ce dama ɗanta ya yi ta fama da ƙaiƙayi kwanakin nan, sun rasa dalili. Ta yi mini godiya, amma daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma ban ga laifinta ba.

Na zaci Yaya za ta zo. Ba ta zo ba, ba ta kira ba. Bayan 'yan makonni na bi ta Gidan Igwai na shiga wani shago sayen sabulu, sai ga ledojin a jere a kan kanta, da rubutuna a jiki. Na ɗauki ɗaya na shinshina ta wajen ƙullin. Na ce wa mai shagon abin da aka rubuta a nan ba gaskiya ba ne, akwai man gyaɗa a ciki, kuma akwai yaran da zai iya kashewa. Ya yi murmushi ya ce, "Malama, wa ka karanta wannan? Daɗi mutane ka saye." Akwai alƙalamin da nake rubutu da shi a allon aji a jakata. Na fito da shi na bi ledojin ɗaya bayan ɗaya ina soke layin, yana ta faɗa ina yi. Na shiga shago na gaba na yi haka. Kafin yamma sun tattara kayan sun mayar mata, sun ce ƙanwarta ta ɓata su.

Cikin kwana biyu dangi suka ɗauki zancen. Wai na tona wa wadda ta raine ni asiri a kasuwa, ina neman kashe mata sana'a. Kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, ya kira mu gidansa. Ya saurari kowa. Ya ce Yaya ta yi ganganci, amma da kyakkyawar niyya ta yi, kuma yarinya tana raye, sai a gode wa Allah. Ya ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, hannunka kuma ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni ce ƙarama, in ba ta haƙuri. Yaya tana gefe tana kuka tana cewa ita ta goya ni, ita ta yi mini kitso, ita ta kai ni ɗaki.

Duk gaskiya ne. Shi ya sa abin ya yi mini ciwo. Na ce na ba ta haƙuri a kan shaguna, amma ba zan tashi ba sai an cire layin. Kawu ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya sa aka kawo kwalin da almakashi, 'ya'yanta suka zauna suka yanke gindin takardun kaf. Da za mu rabu Yaya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "In na yi kuskure a yahe mini." Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Zumunci bai yanke ba. Muna gaisawa, ina zuwa in an yi haihuwa ko rashin lafiya, da aka aurar da babbar 'yarta ni na tsaya a kan komai. Amma ban ƙara barin ɗiyata a gidan ita kaɗai ba, ko na minti ɗaya. Ban gaya wa yarinyar dalili ba sai da ta yi wayo ta tambaya da kanta. Na faɗa mata a taƙaice. Ta ce, "Inna ta sani?" Na ce ta sani. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Sallar da ta wuce muka je gaishe ta. Yarinyar ta zama budurwa, ta kusa kama ni tsawo. Yaya ta manyanta, gwiwa tana damunta, yanzu 'ya'yanta ke yawancin suyar. Bayan mun gaisa ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito da wani ɗan faranti a rufe ta ajiye a gaban yarinyar. Ta ce wannan ita ta soya da kanta jiya, da man kanti, a sabuwar tukunya da ba ta taɓa ganin gujiya ba. Ta ce ba ta bar kowa ya sa hannu ba. Ta buɗe. Cincin ne ƙanana, irin yankan da yarinyar ke so tun tana ƙarama.

Ɗiyata ta dube ni. Yaya ma ni take kallo. A raina na fi zaton gaskiya ta faɗa. Na ga tukunyar ma a jingine a bakin madafa, tana ƙyalli.

Na ce, "Ta ƙoshi, Yaya. Mun ci abinci kafin mu fito."

Ta ɗan jima tana kallon farantin, sannan ta mayar da murfin ta tura shi gefe. Ta tambaye ni ko an kawo mana wuta a Tudun Wada, su tun shekaranjiya ba su gan ta ba. Na ce mu ma haka. Muka yi zancen zafi da tsadar ƙanƙara har aka kira la'asar, muka yi mata sallama muka tafi.